Hannun da Na Ƙera wa Yaya Sanusi

Ranar babbar sallar da ta wuce ina zaure ina gyara ƙafar kujera, na ji ka, Hamisu, kana gaya wa abokanka cewa ɓarayin daji ne suka kori Baffanku Sanusi daga Kekun Waje. Har da ƙarin wai sau uku suna zuwa nemansa. Ban tanka maka ba, don ni na koya muku labarin nan, kuma na ji daɗin yadda ya zauna a bakinku. To ƙarya ne. Ɓarayi sun tashi garuruwa da yawa a ƙasar nan, Allah ya isa, amma Baffanku ba su suka raba shi da gonar ubansa ba. Ni ne. A tarihina da nake rubuta muku, na rubuta babin haihuwarku, na rubuta na rasuwar Inna, kullum ina tsallake wannan. Yau zan rubuta shi, kai da Rabi da Nura ku karanta, in kun gama kada wani ya zo ya ce mini ai Baba, abu ya riga ya wuce.

Yaya Sanusi ya girme ni da shekara shida. Da Baba ya rasu shi ya riƙe gona, shi ya sa ni makaranta a Bungudu, da na gudo daga aji biyu na sakandare kuma shi ya kamo hannuna ya kawo ni Gusau ya damƙa ni ga mai walda. Ko zagi ɗaya bai yi mini ba. Shekarar da nake ba ku labari, da kaka, an kawo injin casar masara garinsu, yana tura zangarniya sai bel ya kama hannun rigarsa. Kafin a kashe injin aikin gama ya gama. A asibiti a nan Gusau aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa, kuma na dama ne. Kullum ina zuwa duba shi, uwarku Asabe tana dafa abinci ina kaiwa, amma in na zauna bango nake kallo, ko fanka, ko ƙafarsa. Ban taɓa ɗora idona a kan bandejin nan ba. In likita ya zo wankin ciwon sai in tuna ina da waya da zan buga a waje.

Da ya warke ya koma gida, ya ba tela ya yi masa riguna masu dogon hannu, yana cusa bakin hannun a aljihu. Kun san dalili. A jiharmu in baƙo ya ga mutum ba hannun dama, ba injin masara ke fara zuwa masa a rai ba. Wata rana a motar Bungudu wata mata ta kalle shi ta janye jakarta ta ɗora a cinya ta rungume. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Dije, Dije ta gaya wa uwarku, uwarku ta gaya mini, na kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Dungun nan bayan likita da Dije ba wanda ya taɓa ganinsa.

Da bazara ya zo shagona, ya zauna a kan wata ƙofa da ban gama ba, muka gaisa. An ce masa akwai inda ake yin hannun roba a Kano, ya tambaya ya ji layin ba na bana ba ne, kuma wanda ya gani a jikin wani mutum na ado ne kawai, ba ya riƙe komai. Shi kuwa ba ado ya dame shi ba, hauya ce, wadda mutanen Kano ke ce wa fartanya.

"Lawali, abu guda nika so," in ji shi. "Ka yi mani ɗan wani ƙarfe da zai riƙe ƙotar hauya. Hagu ta ja, wanga ya tallafa. Kahin ruwa ya sauka."

Na ce an gama, wannan ai aikin safiya ɗaya ne. Sai ya fara naɗe hannun riga da hagunsa, ya ce to in auna. Na yi wuf na ce ya bari, na san girman hannunsa tun muna yara, na juya ina taɓa janareta da ba abin da ya same shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya saki rigar.

Yanzu sai in gaya muku inda kaina yake a lokacin. Akwai gidan kallo kusa da shagona, in an ɗauke wuta, kuma kullum a ɗauke take, can nake zama bayan la'asar. Finafinan Turawa da na 'yan China ake sawa, waɗanda ake ɗora wa muryar Hausa. Akwai wani salo nasu da na haddace. Jarumi zai faɗa hannun bos, a sare masa hannu a jefar da shi, sai wani tsohon likita mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa ya tsince shi ya haɗa masa hannun ƙarfe. Jarumin ya farka ya motsa yatsu kana jin ƙarfe na amsawa. Daga nan hannun ya buɗe ya zama bindiga, ko takobi ya fito daga tsintsiya, wani ma ƙafarsa ce ke aman wuta. Duk wanda ya yi masa dariya jiya, yau sai gudu. Na kalli irin wannan ba iyaka, kuma a cikinsu ban taɓa ganin an nuna jarumin yana alwala ba, ko yana ɗaure zariyar wando, ko yana yankar loma. Ban taɓa ganin ya cire hannun ya rataye don ya saɓule masa fata ba. Wannan duk yanzu nake lura da shi. A lokacin abin da na gani shi ne mutumin da aka rage an mayar da shi abin tsoro, sai matar nan mai jaka ta faɗo mini a rai. Na ce wallahi gara a ji tsoron yayana da a ɗauke shi ɓarawo.

Haka na gaya wa kaina, kuma da gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Shekara ashirin ina ƙofa, taga, gado, ƙofa, taga, gado. Yaran da suka fito makaranta da takarda su zo su tsaya a kaina da hula mai kwano suna nuna mini inda zan ɗiga wuta, ba su san bambancin rodi da bututu ba. 'Yan majalisarmu ta hira suna ce mini Injiniya, amma da dariya a wutsiyar sunan. Na so sau ɗaya in yi abin da za su kira ni da shi bakinsu a daidai. Wahalar yayana ce ta zo mini da dama, na kama.

Na roƙi mai gidan kallo ya tsayar mini da fim daidai inda jarumi ya ɗaga hannunsa. Na manna farar leda a fuskar talabijin na bi zanen da biro mai kauri. Ku riƙe wannan. Hannun wani Bature a cikin akwatin talabijin na auna, na ɗan'uwana da ya zo har shago ya fara naɗe riga ban auna ba. Na je wurin Sunday mai sayar da kayan babur na zaɓo salansa mai sheƙi, bututun hayaƙin babur ke nan, ita ce jikin hannun. A samanta na ɗora wani gajeren bututu na toshe gindinsa, ba ya komai, don dai ya yi kama da bakin bindiga. Na yanko sifirin mota na wasa shi ya zama wuƙa, na ɓoye a ciki, na haɗa da wayar birki yadda in an ja za ta yi tsalle ta fito. Wannan wuƙar kaɗai ta ci mini mako biyu. Maɗaurin kuma na yi shi da bel ɗin kujerar mota, ya zagaya kafaɗa da ƙirji, na kai maƙullin can tsakiyar baya don kada ya ɓata kyan gaba. Ban tsaya na tambayi kaina yadda mai hannu ɗaya zai kai ga tsakiyar bayansa ba. Hauya kuwa sai ranar ƙarshe na tuna da ita, na lanƙwasa wata ƙugiya na manna a ƙasa.

Ina cikin wannan ruwa ya sauka. Yaya ya aiko sau biyu, na ce a gaya masa ya ƙara haƙuri, abin da ke zuwa ya fi abin da ya tambaya. Dije da maƙwabta suka yi masa shuka, noman farko kuma sai gayya aka yi, shi yana tsaye a bakin gona yana yi wa mutane sannu. Da na kawo hannun gida in nuna, uwarku ta ɗaga shi da hannu biyu ta ajiye.

"Malam, wannan noma zai yi da shi ko yaƙi za shi? Ya fi taɓarya nauyi."

Na ce mata mace ba ta san ƙarfe ba, ta je ta duba tukunya.

Na kai shi Kekun Waje ranar wata Juma'a. Na cusa soso a ciki, na miƙa wa Dije na ce ta shiga ɗaki ta sa masa. Ya fito kafaɗarsa ta dama ta karkace. Aka kawo hauya, ya saƙala ƙotar a ƙugiya ya kai sara, ta zame. Ya sake, ta zame. Na uku ta faɗi a ƙafarsa. Ni ban ma damu ba, na ce ya bar wannan tukuna, ya ja wayar nan. Ya ja da hagu, wuƙa ta fito fat, mazan da suka taru suka ja da baya suna salati suna dariya. Na ɗauka a waya, da fuskarsa da komai. Shi kuwa ya dubi wuƙar, ya dubi hauyar a ƙasa, ya ce Allah ya yi albarka, ka sha aiki. Kara ce ya yi mini, ni na ɗauka yabo ne.

Da na dawo Gusau na kai wa mai cajin waya, wanda ya iya haɗe-haɗen hoto, na ce ya sa mini ƙarar harbi, ya sa wuta tana fita daga bakin bututun. Ya yi, ya kuwa yi kyau. Na tura wa 'yan majalisa, ranar har shayi aka saya mini. Ba a yi mako uku ba hoton ya dawo mini daga wayar wani direba da ban sani ba, an ɗora masa muryar wani mutum yana rantsuwa cewa wannan sabon makamin mutanen daji ne, wai akwai wani a cikinsu da bindigarsa a jikinsa take, ko an caje shi ba a ganin komai. Kun san abin da na yi? Dariya. Har wani daɗi na ji, aikina ya kai inda ban kai ba. Daga Gusau zuwa Kekun Waje ba nisa, ban tashi na je na gaya masa ba.

Ana cikin damina ƙanwar Dije ta haihu a 'Yandoto, garin iyayensu. Dije ta riga ta tafi zaman biki. Ranar suna da sassafe Yaya ya sauka a shagona don in kai shi a babur, yana riƙe da buhu. Hannun ne a ciki. Ya ce ya kawo ne ko zan cire wuƙar da bututun in sa masa zoben da zai kama ƙota, don noma na biyu bai wuce ba. Na ce zan yi, amma yau dai ya sa, surukai su ga ƙaninsa bai bar shi haka ba.

"Lawali, gidan surukai hwa za mu."

Na ce ai shi ya sa. Na dage, na yi fushi, har na ce in aikina kunya yake ba shi ya faɗa. Sai ya shiga bayan ƙofa ya zura dungun da kansa, ni na ɗaure masa maƙullin daga baya idona a kan ƙeyarsa, ya mayar da riga ya ɗora babbar riga a kai.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin maganar tasa ba sai na faɗa muku. Shekara goma sha takwas yana auren Dije, bai taɓa cin abinci a gaban mahaifinta Malam Garba ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa tsayawa gabansa ba hula ba. Tun daga bakin lungu yake cire takalmi. In Malam Garba ya shigo wuri Yaya yana shan ruwa, ajiye kofin yake.

Mun kama hanyar Tsafe lafiya. A mashigar garin sai muka tarar an gindaya itace, 'yan sa-kai suna tsaye da bindigogin toka da adduna, suna sauke kowa. Ba zan zage su ba. Manoma ne irin Yaya, kowanensu ya binne wani nasa, kuma ranar taro ce, suna tsoron a shigo musu cikin 'yan biki. Wani ya shafa jikin Yaya ya ji ƙarfe, ya ɗaga hannun riga, salansa ta haska. Wani dogo a cikinsu ya zaro waya ya duba, ya dubi fuskar Yaya, ya ce shi ne, wallahi shi ne mai hannun bindiga. Kafin in kafe babur bakin bindiga uku na kan ƙirjinsa, wani ya doke shi da gindin adda a kafaɗa ya durƙusa a cikin taɓo, hularsa ta faɗi. Yana ta cewa shi manomi ne, surukin gidan Malam Garba ne, a je a tambaya. Shugabansu, wani mai furfura a gemu, ya ce a je a kira Malam Garba, amma kafin nan a faɗa masa wanda ya ƙera wannan abu, don wanda ya iya wannan shi ke yi wa ɓarayi bindigogi. A watan nan ana ta maganar wani maƙeri da aka tafi da shi a kan irin wannan zargi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma ina da labarin a cikina. Mai gemun ya juyo kaina.

"Kai hwa, mi ne ne naka da shi?"

Hannuwana duk tabon wutar walda ne, na cusa su a aljihu. Na ji bakina ya ce, "Ni ɗan kabu-kabu ne. Ɗauko shi na yi daga Gusau."

Ya tambayi Yaya ko haka ne. Yaya yana durƙushe, bai ɗago ya dube ni ba.

"Haka ne. A tasha na hau. Hannun kuma a Kano na samo shi, ban san mai yi ba."

Suka ce ya cire. Ya ce sai ya tuɓe riga. Suka ce ya tuɓe. Lokacin mutane sun cika wurin, 'yan suna maza da mata da ke shigowa daga ƙauyuka, kowa da kwanonsa a ka. Ya cire babbar riga, ya cire ta ciki, ya tsaya daga shi sai wando. Ya kai hagunsa baya yana laluben maƙulli, bai kai ba. Ya sake murɗawa, bai kai ba. Su kuma ba wanda ya yarda ya taɓa, suna tsoron kada ya tashi. Ni na san inda harshen maƙullin yake, danna shi kawai ake yi da babban yatsa. Taku huɗu ne tsakanina da bayansa. Na riƙe kan babur na sunkuyar da kai ina kallon tankin mai.

A haka Malam Garba ya iso, tsoho da sandarsa, an taso shi daga wurin raɗin suna. Ya ce wannan mijin ɗiyarsa ne, injin masara ya ci hannunsa, in akwai mai shakka ya kama shi shi Garba. Sannan ya jingine sanda ya zagaya bayan surukinsa, yana taɓa fatar bayansa da yatsu yana neman yadda abin yake buɗewa. Ban ga wannan da idona ba, kaina na ƙasa, amma na ji ƙarar maƙullin, na ji hannun ya faɗi a taɓo, na ji wata mata ta ce wayyo. Daga baya Dije ta gaya wa uwarku cewa daga Gusau zuwa nan kaɗai bakin salansar ya yanka dungun, soson ya jiƙe da jini.

Mai gemu ya ɗauki hannun da tsinin adda, ya juya shi, ya leƙa cikin bututun. Ya samo tsinke ya zura, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Gidan zanzaro ne. Tun ranar da na kai shi yake rataye a rumbu, har zanzaro ya yi gini a bakin bindigar tawa. Dogon mai waya ya fara dariya, sauran suka ɗauka, har matan. Mutumin da na ce zan sa a ji tsoronsa yana tsaye ba riga ba hula a gaban surukinsa, gari guda na dariya. Malam Garba ya cire mayafin kafaɗarsa ya yafa masa. Mai gemu ya ba da haƙuri, ya ce amma ƙarfen zai zauna a wurinsu, sannan ya ce wa tsohon ga ɗan kabu-kabun da ya kawo shi can. Malam Garba ya san ni sarai, ni na riƙe wa Yaya takalmi ranar ɗaurin aure. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"To, ɗan kabu-kabu, mun gode. Ka iya tahiya."

Na tada babur na tafi. Wannan ma ku rubuta a ranku. Ban tsaya na ce Baba ni ne Lawali ba. Na juya na kama hanyar Gusau, har na tsaya na sha mai a hanya.

Abin bai tsaya nan ba. Wani ya ɗauki tsayuwar 'Yandoto a waya, ita ma ta zaga, amma guntuwa, daidai inda bindigogi ke kan ƙirjinsa, ba a kai ga zanzaro ba. A Kekun Waje baƙin fuskoki suka fara tambayar gidan mai hannun ƙarfe, wasu a ce jami'ai ne, wasu a ce 'yan leƙen asirin daji ne masu son su ga makamin. Dattawan gari suka same shi suka roƙe shi ya ɗan ja jiki zuwa wani wuri har maganar ta kwanta, don kada a shafa wa kowa. Ya tashi ya bar dawarsa ta fara ɗaukar ciki, ya koma Wanke wurin wani kawun Dije da ya ara masa ɗaki da 'yar gona. Kafin maganar ta kwanta hanyar gonarmu ta lalace da gaske, yanzu ba mai zuwa can. Damina ta ƙarshe da zai yi a gonar Baba ita ce wadda ya yi a tsaye yana jirana. Da kuka tambaye ni me ya sa Baffa ya tashi, na ce ɓarayi ne.

Damina biyu ban taka Wanke ba, shi ma bai zo ba. Gidan kallo kuwa ban daina zuwa ba sai ranar da aka sa wani fim ɗin mai hannun bindiga, 'yan kallo suna ihu, ni na tashi na fita ban sake komawa ba. Uwarku ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ta yi ya fi gori. Wata safiya na zo fita na tarar ta ɗora tef ɗin awona a kan kujerar babur, ta koma ciki.

Na isa Wanke da hantsi. Dije na tsakar gida tana shanya kuɓewa, na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce wa maƙwabciyarta ashe kabu-kabu na shigowa har nan. Na haɗiye maganar, don ni na jawo. Ta nuna mini hanyar gona da haɓa. Na same shi a duƙe cikin gero, ya ɗaure ƙotar hauya a dungunsa da robar tayar keke, ta kan hannun riga, yana sara uku robar ta kwance ya tsaya ya ja da haƙori. Haka ya yi noman shekara biyu. Ya gan ni ya miƙe, muka gaisa kamar jiya muka rabu, ya tambayi ku ɗaya bayan ɗaya. Na fara maganar da na shirya tun daga Gusau, ya ɗaga hagunsa ya tsayar da ni. Ya tambaya ko wani hannun na kawo. Na ce a'a, tef na kawo.

Ya kwance robar da haƙori, ya ajiye hauya, ya naɗe hannun rigar har kafaɗa.

"Duk 'Yandoto sun gani, kai kaɗai ka rage. Duba."

Na duba. Ba wani abin tsoro ba ne, hannun yayana ne da ya ƙare da wuri. Ga ɗinkin likita, ga wani farin tabo a zagaye kamar an ɗora bakin kofi, wannan nawa ne. Na sa tef na auna tsawo, na auna kauri a wuri uku, ya nuna mini inda ƙashi yake kusa da fata, inda ba ya son a matsa. Ina ta sauri, ya ce in natsu kada in rubuta ba daidai ba.

Da na koma Gusau na ƙera masa. Kwanon ƙarfe ne mara nauyi, na kai wa baduku ya shimfiɗa fata a ciki, zobe ɗaya a baki da noti mai kunne wanda hagu za ta iya murɗawa, maƙulli a gaba. Na fara bayan na karya, kafin azahar na gama. Safiya ɗaya, kamar yadda na faɗa masa tun farko. Shi ne wanda kuke gani a hannunsa, wanda kuke cewa Baba ya iya aiki.

Yana zuwa gidan nan, kun sani, yana cin tuwon uwarku, ya zo sunan ɗiyar Rabi. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko ga Dije ya hana. Amma ku lura in zai koma. Kullum sai na fito da babur na ce Yaya hau in kai ka tasha, kullum amsarsa ɗaya ce, ba fushi a ciki, har da ɗan murmushi.

"Bari, Lawali, zauna. Zan samu kabu-kabu a bakin titi."

Daga yau in an tambaye ku me ya raba Baffanku da Kekun Waje, kada ku sake cewa ɓarayi. Ku ce ubanku ne.